Sunan da Sarkin Barukiya Ya Karɓe

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ɗaga sama babu ginshiƙi, ya raba wa kowane bawa fuskarsa da sunansa. Ku matso kusa, jikokina, da ku baƙin da kuka sauka gidan nan, ku ji abin da ido ya gani, ƙafa ta taka. Ni ce Yalwa 'yar Anaruwa, mutuniyar Zangon Shuni, garin da in ka shiga da farar riga ba ka fita da ita fara. Na tsufa yanzu, inda na ajiye carbina da safe ma sai an tuna mini. Amma tafiyar da muka yi da Inna zuwa Barukiya, ko taku ɗaya bai ɓace mini ba.

Na girma ban san mahaifina ba. Marini ne, kuma mai zanen bango. Duk rani sai ya ƙawata ƙofofin gari da shuɗi da ja, duk damina sai ruwa ya wanke aikin tas. Abin nan ya tsaya masa a rai. Wata rana wasu fatake suka ba shi labarin wata ƙasa a bayan teku inda ake kwaɓa launi da mai, a shafa a kan yadi, ya shekara ɗari bai dusashe ba. Ya ce wa Inna zai je ya koyo, damina biyu ya dawo. Lokacin ina ciki wata huɗu. Aka yi damina talatin babu shi babu labarinsa.

Inna mace ce mai kunya irin ta mutanen da. Tun da aka kai ta ɗakinta ba ta taɓa furta sunan mijinta ba. In hadari ya zubo, kowa a gari yana cewa ana ruwa, ita sai ta ce, "Sama ta sako." Ni ma da nake 'yar fari, "ke" ne sunana a bakinta, ranar da na faranta mata rai kuma in zama "ke 'yar nan". Sai dai kunyar ba ta taɓa hana ta baki ba. In ta yi maka magana ɗaya, sai ka kwana uku kana juya ta.

A shekara ta talatin wani madugu mai suna Barmo, mutumin wani gari can gabas, ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Ya ce wani tsoho a Barukiya, ƙasar nan ta bayan teku, ya kwatanta masa gida mai tsamiya biyu a Zangon Shuni, ya roƙe shi ya gaya wa mutanen gidan cewa yana raye.

Inna ta ajiye tankaɗen da take yi. Ta ce, "Yana raye, ƙafarsa ce ta karye da bai dawo ba?"

Madugu ya ce, "Uwar gida, ba ƙafa ba ce, suna ne. A ƙasar nan duk wanda ya zana fuskar Sarkin Sarakuna, ranar da ya ajiye buroshi ake karɓe sunansa. Sun ce bai dace wani suna ya tsaya kusa da na sarki ba, ko a gaban hoto ko a bayansa. Sai a rubuta sunan a takarda, a rufe cikin tulu, mutum ya koma Wane. Ana ciyar da shi, ana tufatar da shi, amma marar suna jirgi ba ya ɗaukarsa, ƙofar gari ba ta buɗe masa."

Na ce, "Baba Madugu, babu mafita ke nan?"

"Akwai guda ɗaya. Wani wanda ya san shi tun yana da suna ya je, ya nuna hoton da ya zana cikin hotuna arba'in, sa'an nan ya kira sunan a gaban fada har mai shi ya amsa. In aka kuskure, mai kiran da wanda ya rako shi su ma sun rasa nasu."

Muka dubi juna. Abokan mahaifina duk sun riga mu gidan gaskiya. Ni kuwa an haife ni bayan tafiyarsa. Mutum ɗaya ta rage a duniya da ta cika sharaɗin, kuma ita ce wadda ba ta iya cewa ana ruwa ko da ruwan yana dukanta.

Inna ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Ke, ɗaure mana kaya."

"Inna, kin ji sharaɗin kuwa? Sai an kira sunan fa."

"Na ji. Kunnena ba na aro ba ne. In mun je can ma gani."

Kwana arba'in muka yi a bayan raƙuma kafin mu isa gaɓar Tekun Wanki. An sa masa wannan suna ne domin feshin ruwansa yana cinye launi. Kwananmu bakwai a jirgi komai ya koma fari fat: jar hular sarkin jirgi, koren rawanin wani attajiri, har wani aku da ke cikin keji ya zama kamar balbela. Abu ɗaya ne bai canja ba, zanen auren Inna, wanda mahaifina ya rina da hannunsa ya tsoma shi sau goma sha biyu.

A wata na uku iska ta ɗauke, farin hazo ya rufe mu. Ruwan sha ya kusa ƙarewa. Muna jin muryoyin masunta suna wucewa can nesa, muna ihu, amma farin jirgi mai farin yadi cikin farin hazo wa zai gan shi? Sarkin jirgi ya zo ya durƙusa gaban Inna, ya roƙi aron zanenta a ɗaga a kan sanda.

Ta ce, "Zanen aurena za ku rataya kowane ƙato ya kalla? Ke, gaya masa ba shi da uwa ne?"

Ni da na fara tsintar harshen mutanen Barukiya a jirgin, sai na ce masa, "Ta ce tana tunani."

Da ta ga wata mai goyo tana lasa wa jaririnta busasshen leɓe, sai ta tashi ta shige bayan buhuna, ta naɗe kanta da wani tsohon yadin jirgi, ta jefo zanen waje. Kafin azahar masunta suka hango ɗigon shuɗi yana kaɗawa a sama, suka zo suka ja mu zuwa tsibirinsu.

Tsibirin nan duwatsu ne masu riƙe magana. Abin da ka faɗa a gindinsu ba sa mayar maka nan take, sai sun ga dama, wani lokaci bayan kwana ɗaya, wani lokaci bayan kwana uku. Mu ba mu sani ba. Ni dai na ga wuri ne babu kowa, na ce, "Inna, je ki bayan dutsen can ki gwada. Babu mai jin ki. Harshe ma sai da sabo."

Ta harare ni, amma ta tafi. Ta daɗe kafin ta dawo. Na ce yaya, ta ce, "An yi."

Ranar da za mu tashi, jirgi ya cika da mutane, sai dutsen ya buɗe baki da muryar Inna, ƙara kamar tsawa: "A... An... Kai, Allah ya sauwaƙe!" Ya sake: "An... Wai ni da girmana!" Mutanen jirgi ba su san me ake nufi ba, amma suka fashe da dariya. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ba ta yi mini magana ba har kwana biyu. Ni kuwa dariyar ba ta zo mini ba. Ranar na san cewa za mu iya ƙetare teku mu rasa komai a kan kalma ɗaya.

Bayan wata goma sha ɗaya muka sauka a Barukiya. Ban taɓa ganin gari mai son ado kamarsa ba. Babu bangon da aka bari haka nan, ko'ina an sassaƙa ganyaye da 'ya'yan inabi da jarirai masu fukafukai, an shafe da ruwan zinariya. Manyan mutanensu suna aske gashin da Allah ya ba su, su ɗora na aro mai nannaɗe har ƙirji, su barbaɗe shi da gari fari. Inna ta dubi wani alƙali ta ce, "Wannan da garin tuwon gidansu ya fito a ka. Matarsa tana can tana nema."

Ƙasar kuma kullum cikin yayyafi take. Sai dabara ta zo mini. Na ce, "Inna, ga sauƙi ya samu. In lokacin kira ya yi, ki dubi taga kawai ki faɗi abin da sama take yi. Ba sunansa kika kira ba, labarin gari kika bayar. Su kuwa ba za su gane bambanci ba."

Na zaci za ta yarda. Can ta ce, "Ban ƙetare teku don in yi wa mijina wayo ba. In zan kira shi, shi zan kira."

Washegari da hantsi aka kai mu gaban Ma'ajin Sunaye, wani dogon tsoho mai siririn hanci, da makullai a rataye a ƙugu. Ya maimaita mana dokar, ya ce nuni ɗaya ake yi, kira kuma uku, babu ƙari. Ya tambaya ko mun yarda a rufe namu sunayen in mun kuskure. Na fassara wa Inna. Ta ce, "Gaya masa ni dama babu mai kiran nawa tun da uwata ta rasu." Na ce masa mun yarda.

Aka buɗe mana wani dogon zaure. Hotuna arba'in a jere, kowanne ya fi tsayin ƙofa, kowanne cikin katako mai ruwan zinariya. Mutum ɗaya ne a cikinsu duka, Sarkin Sarakuna Marzubal na Uku. Yana tsaye cikin sulke mai sheƙi, alkyabbar karan-miski ta zubo daga kafaɗarsa, leshi a wuya, baƙin gashin aro har ƙirji. Haɓarsa doguwa, gashin baki a murɗe, leɓensa na ƙasa a sake. A bayansa jan labule da ginshiƙi, a gefensa kambi a kan matashi, sauran wurin duk duhu ne, kamar daga cikin rijiya ya fito. Har a lokacin zauren yana ƙanshin mai. Babu suna a ko ɗaya.

Ma'aji ya kifa wata kwalbar yashi ya ce in ta tsiyaye lokaci ya ƙare. An yarda in taya Inna dubawa, amma nunin sai da yatsanta.

Na fara da abin da na sani. Na ce ɗan Zangon Shuni ba zai ɓoye shuɗinsa ba. Na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ina neman shuɗin garinmu, na same shi a ɗamarar sarki a hoto na farko. Na zaci an gama. Sai na gan shi a na biyu, da na uku, har na arba'in. Ma'aji ya yi murmushi ya ce, "Wanenku mutum ne mai kyauta. Duk 'yan uwansa ya koya musu."

Na koma neman irin zanen ƙofofinmu a cikin leshin wuya. Shi ma duk sun ɗauka. Na duba zaman inuwa, na duba yatsu, na ƙirga nannaɗin gashi. Yashi ya wuce rabi.

Na juya in nemi taimakon Inna, sai na tarar da ita a durƙushe a bakin ƙofa, ta cire takalma, kanta a sunkuye.

"Inna! Tashi ki duba mana, lokaci yana tafiya!"

"In duba wa? Sarki? In tsura wa sarki ido kamar wadda ba ta da mafaɗi?"

"Hoto ne fa, yadi ne da mai!"

"Ko a kan faifai aka zana shi sarki ne. Mu ba a haife mu muna kallon manya cikin ido ba."

Na buɗe baki zan yi mata gardama, sai maganarta ta dawo mini a kunne. Mu ba a haife mu ba. Ashe shi ma ba a haife shi yana kallon manya cikin ido ba. Mutumin da ya tashi a Zangon Shuni, a tsayar da shi gaban Sarkin Sarakuna wata shida, zai kalli takalmi, zai kalli zobe, zai saci kallon haɓa da hanci. Amma ido? Ko da wuƙa a wuyansa ba zai ɗaga kai ba. To me ya sa a wurin?

Na ruga na sake bin layin, wannan karon ido kawai nake kallo. Idanun Marzubal toka-toka ne, masu sanyi kamar na kifi. Haka suke a na farko, haka a na goma, haka a na ashirin. A hoto na ashirin da bakwai na tsaya. A ƙarƙashin gashin aron nan, a saman doguwar haɓar nan, wasu idanu ne masu ruwan ƙasa suke kallona, an ɗan kanne na dama, a farin na hagu akwai ɗan baƙin ɗigo kamar ƙwayar riɗi. Idanun da suka harare ni tun ina rarrafe ne. Sai dai a nan ba harara suke yi ba. Kallo ne na yarinya 'yar shekara ashirin da ta rako mijinta bakin zaure tana cewa a dawo lafiya.

Na je na kama hannun Inna na ce, "Zo. Wannan ba sarki za ki kalla ba."

Ta ɗaga kai da ƙyar. Ta daɗe tana kallo. Ta ɗora hannu a kan bakinta, ta ce a hankali, "La ilaha illallahu. Ji mutumin nan. Ya sa mini gashin baki."

Ta miƙa yatsa ta nuna. Yashin da ya rage bai cika cokali ba.

Ma'aji ya sunkuyar da kai alamar an dace. Ya ce mana duk cikin arba'in ɗin wannan ne sarki ya fi so, shi ake kwaikwaya ana kaiwa larduna, har talakawa suna cewa sarkinsu mai idon tausayi ne. Da na fassara, Inna ta ce, "Wato idona kuke yawo da shi gari-gari ban sani ba? Gaya masa Allah ya isa." Na ce masa ta gode da karramawa.

Sai aka ja wani babban labule a ƙarshen zauren, aka shigo da tsofaffin masu zane a bayansa. Ba ma ganinsu, sai jan ƙafarsu da tarinsu. Fadawa suka cika wurin. Aka kawo tulu aka ajiye gaban Ma'aji, ya fasa bakinsa, ya zaro takarda ya riƙe. Ya ce, "Kira."

Inna ta tsaya a tsakiyar zaure. Ban taɓa ganin ta ƙanƙance haka ba. Ta gyara mayafi, ta sake gyarawa. Leɓenta yana motsi babu sauti. Na ji ina son in rufe kunnena, don ni ma kunya ta kama ni, kamar zan ga tsiraicinta.

Can ta ce, "Anaruwa." Murya kamar ta sauro.

Ma'aji ya dubi takarda ya gyaɗa kai, ya ɗaga yatsa ɗaya. Bayan labule shiru.

Na matsa kusa da ita. Na ce, "Inna, ɗaga murya, ya tsufa."

Ta runtse ido. "Anaruwa!" Wannan karon har na bakin ƙofa sun ji.

Yatsa biyu. Shiru. Ko tarin ma ya ɗauke. Na fara tunanin ko ya kurmance, ko shekara talatin ta goge masa sunan daga kai, ko ma ya rasu muna kan teku ba a gaya mana ba. Na ga wani malamin fada ya tsoma alƙalami a tawada, yana shirin rubuta namu.

Sai na ga Inna ta buɗe ido. Kunyar ta tafi, abin da na fi sani ya dawo. Ta kama ƙugu, ta taka har gaban labulen, ta ɗaga muryar da take korar awakin maƙwabta da ita.

"Anaruwa! Ka ce damina biyu!"

Aka ce, "Na'am."

Labule ya motsa. Wani ɗan siririn tsoho ya fito, gemu fari, farcensa shuɗi, hawaye yana bin kumatunsa, kuma yana dariya. Ma'aji ya miƙa masa takardar da hannu biyu, fadawa suka buga sanduna a ƙasa. Shi ko kallon takardar bai yi ba.

Inna ta ja mayafi ta juya masa gefe. Ta ce, "Kunnen ne ya mutu?"

"Lafiyarsa lau. Tun na farko na ji."

"Ka ji? Ka ji ka yi shiru?"

"To, uwar gida, shekara biyu muna tare ban taɓa ji a bakinki ba, shekara talatin ban ji a bakin kowa ba. Aka ce an ba ni uku. In ci ɗaya in bar biyu?"

"Da na shaƙe a na ukun fa? Da mun zauna nan duka muna Wane da Wance?"

"Na san ki. Na san in rai ya ɓaci muryar za ta fito."

Ta ce, "Tsohon kawai." Amma ta bar shi ya kama bakin mayafinta.

Sai ya lura da ni. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Wannan fa?"

Inna ta ce, "Ita ce."

"Ita ce wa?"

"Ita ce dai. Wadda ka bari."

Na durƙusa na ce, "Yalwa ce, Baba." Ya maimaita sunan sau uku a hankali, kamar mai ɗanɗana zuma, ya ɗora hannunsa mai ƙanshin mai a kaina.

Shekara goma sha ɗaya suka ƙara tare a gidan nan, a ɗakin can da kuke ajiye hatsi yanzu. Ba ta sake furta sunan ba har ta koma ga Allah, shi kuma bai sake roƙo ba. In an tambaye shi sai ya ce ya ci rabonsa a zama ɗaya. Ya bi ta bayan wata biyar.

Ba mu da hoton ko ɗayansu. Dokar Barukiya ta mayar wa mutum sunansa, amma ba ta sa shi a kan aikinsa ba, don haka hoton yana can a rataye, na ashirin da bakwai daga ƙofa, masu zuwa kallo suna tambaya wa ya zana, ana ce musu ba a sani ba. Ni ƙafata ba za ta sake kai ni ba. Amma ku yara ne, duniya kuma tana da faɗi. In Allah ya kai ɗayanku wannan zauren, kada sulke da kambi su tsorata shi. Ya cire takalmi, ya ɗaga kai, ya gaishe da kakarsa.